Kada Ku Raba Manhaja da Bayaninta

'Ya'yana, masu koyon rubuta manhaja a Kazaure da Babura, da ku da kuke tasowa daga Roni da Gwiwa da 'Yankwashi domin neman wannan ilimi. Allah ya yi muku albarka, ya buɗa fahimtarku. Na san abin da ya fi jan hankalinku a yanzu shi ne sabon yaren kwamfuta, da manhajar da za ta fita ta yi suna. Wannan buri ne mai kyau, ina kuma taya ku addu'a a kansa. Amma zancena na yau a kan wani aiki ne da ba a cika yi wa mai yinsa tafi ba, wato rubutun da ke bayyana manhaja: yadda ake girka ta, yadda ake aiki da ita, abin da take iyawa da wanda ba ta iyawa. Nasihata guda ce. Duk ranar da kuka fitar da sabuwar siga ta manhajarku, bayaninta ya fito tare da ita, da lamba iri ɗaya a goshinsu, na tsohuwar sigar kuma ku bar shi inda mai buƙata zai same shi.

Ƙasarmu ba baƙuwar kwamfuta ba ce. A farkon shekarun 2000, zamanin mulkin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka buɗe makarantar Informatics a Kazaure da haɗin gwiwar wani kamfani na ƙasar Singafo, lokacin da yawancin mutanenmu ba su taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya mai ɗauke da sunan marigayi Sarki Hussaini Adamu. A 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta ba Babura Jami'ar Fasaha. Kowace shekara ana yaye ɗalibai, kowanne da furojet ɗinsa: wannan ya yi manhajar rajistar ɗalibai, wancan ta lissafin kantin magani, waccan ta adashi. To, ina suke? Da yawansu ba rashin kyau ne ya kashe su ba. Mai su ne ya tafi da saninsu a kansa, abin da ya bari a rubuce kuma ya daina dacewa da abin da ke cikin na'ura.

Na taɓa zama da wani yaro da aka ba shi aikin ci gaba da manhajar fitar da sakamakon jarrabawa a wata makaranta. Wanda ya rubuta ta ya tafi bautar ƙasa a Kudu, layinsa ba ya shiga. Abin da aka miƙa wa yaron filash ne guda da kundin furojet mai bangon kwali. Cikin filash ɗin akwai jaka uku: ɗaya sunanta "final", ta biyu "final2", ta uku "final na gaske". Kundin ya ce a danna maɓallin da ke gefen hagu a shigar da makin gwaji kashi talatin. Ya buɗe ta farko, maɓallin yana sama. Ya buɗe ta biyu, makin gwaji ya koma kashi arba'in. Ta uku ma ta ƙi tashi, tana neman wani abu da kundin bai ambata ba ko sau ɗaya. Yaron ya dube ni ya ce, "Malam, wacce ce ta gaskiya?" Dukansu na gaskiya ne, kowacce a ranarta. Kundin ma gaskiya ya faɗa, amma game da wata siga ta huɗu da ba a ajiye ba. Daga ƙarshe makarantar ta koma lissafi da hannu, aikin shekara guda na yaro mai ƙwazo ya tafi a banza.

Ku fahimci tushen matsalar. Manhaja ba ta zama wuri ɗaya. Yau an gyara kuskure, gobe an ƙara wani fanni, jibi an canza wa wani umarni suna. Bayanin da aka rubuta ranar Litinin yana iya zama ƙarya ranar Alhamis ba tare da an taɓa harafi ɗaya a cikinsa ba. Bayani marar daidai kuwa ya fi rashin bayani illa. Wanda bai sami bayani ba ya san bai sani ba, zai yi tambaya, zai taka a hankali. Wanda aka ba shi tsohon bayani a matsayin sabo zai tafi gaba gaɗi da ƙarfin zuciya, in abu ya ƙi kuma kansa zai zarga. Na ga ɗalibai da dama da suka yanke wa kansu hukuncin cewa ba su da ƙwaƙwalwar wannan karatu, alhali littafin hannunsu da na'urar gabansu ne ba su jitu ba.

Ku ɗauki Python, wanda da yawanku da shi kuka fara. An fitar da Python 3 a watan Disamba na 2008, amma ba a daina kula da Python 2 ba sai ranar 1 ga Janairu, 2020. Shekara goma sha ɗaya ke nan ana tafiya da biyu, littattafan kowanne na yawo a kasuwa da intanet har yau. A tsohon, kana rubuta print sai ka bi shi da maganarka kai tsaye. A sabon, dole ka sa ta cikin baka biyu, in ba haka ba ya ƙi aiki. Wannan da sauƙi, domin na'urar za ta yi ƙorafi ka gani. Mai haɗarin shi ne wanda ba ya ƙorafi. A Python 2, in ka raba 139 gida biyu amsar 69 ce, ya yar da rabin. A Python 3 amsar 69.5 ce. Ku ƙaddara ɗalibi ya ci 69 a takarda ɗaya da 70 a ɗaya, ana neman matsakaicin makinsa. Mai rubuta manhajar ya karanta bayanin sabon yare, kwamfutar ofishin jarrabawa kuwa tsohon ne a kanta. Rabin maki ya salwanta shiru, wataƙila shi ne tsakanin wannan daraja da waccan, ba kuma wanda zai san an zalunci wani.

Saboda irin wannan ne manyan ayyukan buɗaɗɗen tushe, waɗanda kowa ke iya ganin kod ɗinsu ya gyara ya kuma rarraba, suka ɗauki lamarin da gaske. In ka shiga shafin bayanin Python, akwai wurin da za ka zaɓi lambar sigar da kake aiki da ita, a kuma jikin umarni da yawa an rubuta a wace siga aka shigo da shi, a wacce aka canza shi. Masu Django suna ajiye bayaninsu cikin ma'ajiya ɗaya da kod ɗin, ƙa'idarsu kuma ita ce wanda ya kawo sabon fanni ya zo da bayaninsa. In ka buɗe bayanin sigar da suka daina kula da ita, za ka tarar da gargaɗi a saman shafin. PostgreSQL na fitar da babbar siga sau ɗaya a shekara, yana kula da kowacce shekara biyar, amma littattafan waɗanda suka daɗe da wucewa suna nan a shafinsu ba a goge ba. Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, yana da jakar bayani a cikin tushensa, duk wanda ya sauke wata siga ya sauke ta da bayaninta. Waɗannan mutane ba lokaci ne ya yi musu yawa ba. Sun sha wuyar rashin yin hakan ne, suka ɗauki darasi.

Mu ma ba sai an koya mana wannan ladabi daga waje ba. Duk wanda ya zauna a zauren malami ya ɗauki Risala ya san yadda matani da sharhi suke tafiya a shafi ɗaya, kamar yadda ake bugo sharhinta Samaruddani: ga maganar mawallafi, ga bayaninta a manne da ita, ba a ce ka je wani gari ka nemo ba. A littattafan da kakanninmu suka kwafa da tawada da alƙalamin kara, za ka ga ƙananan bayanai a gefen shafi da tsakanin layuka, kowanne daidai kalmar da yake fassarawa. In mai kwafa ya gama, sau da yawa yakan rubuta sunansa da ranar da ya kammala, sannan a yi muƙabala, wato a karanta sabon kwafi ana duba na asali don kada a sami saɓani. Sun san ilimi amana ne, sharhin da ya rabu da mataninsa kuma ɓatar da mai karatu yake yi. Kod ɗinku shi ne matani, bayaninku shi ne sharhi. Abin da nake roƙonku bai wuce ku riƙe su yadda malamanku na zaure suka riƙe nasu ba.

Yanzu ga yadda ake yi. Abu na farko, bayani ya zauna gida ɗaya da kod. Kun san Git, wanda Torvalds ya ƙirƙira a 2005 domin adana tarihin kowane canji da aka yi wa manhaja. Da yawanku kuna zuba kod a cikinsa, amma bayanin yana can cikin fayil ɗin Word a kwamfutar mutum ɗaya, ko a cikin hirar WhatsApp. Ku daina. Ku buɗe jaka a cikin ma'ajiyar, ku rubuta bayanin da rubutu tsantsa irin na Markdown, wanda Git ke iya nuna layin da aka cire da wanda aka ƙara. Ko ba ku iya komai ba, ku rubuta README mai faɗin abu huɗu: mene ne wannan, me yake buƙata kafin ya tashi tare da lambar sigar kowane abu, yaya ake tayar da shi, wa za a tuntuɓa. Idan bayani da kod suna wuri ɗaya, duk wanda ya koma baya zuwa yadda manhajar take a bara zai tarar da bayanin bara yana jiransa.

Na biyu, hannun da ya canza kod shi zai canza bayani, a zama ɗaya. Kada ka ce bari in gama tukuna, in na sami sarari na rubuta. Sararin nan ba ya zuwa, in ma ya zo ka manta dalilin da ya sa ka yi canjin. Lokacin da ka mayar da makin gwaji daga talatin zuwa arba'in, a lokacin ne ka fi kowa sanin abin da ya faru, layi biyu kuma sun ishe ka. Ku da kuke aiki a ƙungiya, ku mai da shi sharaɗi a tsakaninku: in ɗan'uwanka ya kawo gyara don a haɗa, ka tambaye shi cikin mutunci, "Ina bayaninsa?" Ba ƙeta ba ce, taimakonsa ka yi, domin nan da wata shida shi kansa zai koma baƙo a cikin aikinsa.

Na uku, ku ba kowace fitowa lamba, lambar kuma ta kasance mai ma'ana. Akwai tsarin da Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya rubuta, mai lamba uku da ɗigo a tsakaninsu, kamar 2.4.1. Ta ƙarshe tana ƙaruwa in an gyara kuskure kawai. Ta tsakiya tana ƙaruwa in an ƙara sabon abu ba tare da an karya tsohon ba. Ta farko kuwa sai in an yi canjin da zai sa abin da ke aiki jiya ya daina aiki yau. Mai amfani da ya ga an tashi daga 2 zuwa 3 ya san dole ya zauna ya yi karatu kafin ya sabunta. Wasu kuma da shekara da wata suke lissafi, kamar Ubuntu, inda 24.04 ke nufin watan Afrilu na 2024. Ku zaɓi wanda ya yi muku, ku tsaya a kansa. In kun fitar, ku buga wa wannan matsayi tambari a Git da lambar, ku sa lambar ta riƙa bayyana a fuskar manhajar inda kowa zai gani, ku kuma sa ta a kan bayanin. Ta haka in wani ya kira ku daga Gwiwa ya ce abu ya ƙi, tambayarku ta farko tana da amsa: wace lamba kake gani a ƙasan allon?

Na huɗu, ku riƙe kundin canje-canje. Fayil ne guda, sabuwar siga a sama, kowacce da ranarta, a ƙarƙashinta an jera abin da aka ƙara, da abin da aka canza, da abin da aka gyara, da abin da aka cire. Ku rubuta shi don mai amfani, ba don kanku ba. "An yi 'yan gyare-gyare" ba ta amfanar da kowa. Ku ce, "Daga wannan siga, ranar haihuwa ana fara rubuta rana ne kafin wata, tsofaffin bayanai za su juya da kansu." In za ku cire wani abu, ku yi shela tun ana saura siga ɗaya ko biyu, ku faɗi abin da zai maye gurbinsa. Mutum ya gina aikinsa a kan naku, bai kamata ya wayi gari ya ga an janye masa tsani ba.

Akwai wurare biyu da bayani ya fi saurin lalacewa, ku sa musu ido. Ɗaya hoton fuskar manhaja. Yana da daɗin kallo, yana kuma taimaka wa wanda karatunsa bai yi zurfi ba, amma da an matsar da maɓalli ɗaya ya zama tsohon yayi. Lokacin da Moodle, manhajar koyarwa da makarantu da yawa a duniya ke amfani da ita, ta fito da siga ta 4.0 a 2022, an sake fasalin yadda ake zagayawa a cikinta, hotunan tsofaffin jagorori suka daina kama da abin da malami ke gani. Abin da ya taimaka shi ne bayanin Moodle a rarrabe yake, kowace babbar siga da nata. Ku rage yawan hotuna, waɗanda kuka sa kuma ku duba su a kowace fitowa. Wuri na biyu shi ne misalan kod da ke cikin bayani. Kada ku saki misalin da ba ku gwada ba. Python na da wani kayan aiki mai suna doctest da ke ɗaukar misalan da ke cikin bayani ya gudanar da su, in amsa ta saɓa ya sanar. In ba ku kai nan ba, ku nemi ƙaninku a aji, ku ba shi kwamfutar da ba a taɓa girka manhajar a kanta ba, ku ce ya bi takardar layi-layi, ku kuma ku kame bakinku. Duk inda ya tsaya, nan ne ramin.

Na biyar shi ne ya fi damuna, domin ya fi shafar mutanenmu. Kada ku goge bayanin tsohuwar siga. Matashin da ke zaune a birni da sabuwar waya da intanet mai ƙarfi yana ɗauka kowa ya sabunta tun daren jiya. Ku kun fi shi sanin gaskiya. Kun san ƙauyukan Roni da Gwiwa inda sai an fita bayan gari ko an hau tudu ake samun sabis. Kun san wayar da ta cika, in za a saka sabon abu sai an goge hotunan biki. Kun san kwamfutar ofis da aka girka shekaru da suka wuce, wadda ba mai ƙarfin halin taɓa ta domin in ta lalace ba mai gyara a kusa. Kun san tsadar data. Wanda yake kan tsohuwar siga ba lalaci ne ya zaunar da shi ba, hali ne. In kuka share bayaninsa kuka ɗora sabo a gurbinsa, kun hukunta shi a kan talaucinsa.

Wannan ba zancen nesa ba ne. Alƙaluman asibitocin Nijeriya, na rigakafi da awon ciki da haihuwa da zazzaɓin cizon sauro, ana tattara su ne cikin DHIS2, manhajar buɗaɗɗen tushe da ake jagorantar gininta daga Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe. Masu zagayawa gida-gida suna cike fom a waya sukan yi aiki da ODK ko KoboToolbox, su ma tushensu a buɗe yake. Ku kwatanta ma'aikaciyar lafiya a ƙaramin asibitin ƙauye, ƙarshen wata ya yi, tana da rahoton da za ta tura kafin wa'adi. Takardar horaswa da ke hannunta ta ce tambaya ta goma sha biyu a kan yaran da ba su kai shekara ɗaya ba ce. An sabunta fom ɗin, an cusa wata tambaya a tsakiya, jeri ya gusa. In ba wanda ya rubuta lamba a kan takardar da kuma kan fom ɗin, za ta zuba adadin da ya dace a gurbin da bai dace ba, da zuciya ɗaya. Daga waɗannan alƙaluma ne ake yanke shawarar yawan allurar da za a aiko. Masu DHIS2 suna ajiye bayaninsu siga-siga, fom ɗin ODK kuma yana da gurbin da ake rubuta lambar sigarsa. An tanadi wurin, saura mai cikawa, watarana kuma ɗayanku ne zai zauna a kujerar.

Ajiye tsofaffin ba wuya ba ce a yau. Sphinx, wanda Georg Brandl ya rubuta a 2008 domin bayanin Python, yana juya rubutu tsantsa ya zama shafukan intanet ko littafi. Read the Docs, da aka fara a 2010, yana ɗaukar ma'ajiyarku ya gina bayanin kowace siga daban, kyauta ga ayyukan buɗaɗɗen tushe, mai karatu ya zaɓi tasa. Amma ku tuna da wanda ba shi da intanet a lokacin da yake cikin matsala. Ku sa bayanin ya tafi cikin ƙunshin manhajar, ku kuma fitar da PDF marar nauyi da za a iya turawa ta waya. Ga wata 'yar dabara da za ta cece ku: lambar siga da kwanan wata su fito a ƙasan kowane shafi, ba a bango kaɗai ba. A wajenmu takarda tana yawo daga guruf zuwa guruf, a ɗauki hoton shafi ɗaya a tura, a buga a shagon fotokwafi a yar da bangon. Shafin da ya ɓalle daga 'yan'uwansa ya kamata ya iya faɗin asalinsa da kansa.

Ina murna da waɗanda suke mayar da bayanin manhajoji zuwa Hausa, Allah ya saka musu da alheri. Amma nauyin da ke kansu ninki biyu ne, domin fassara tana bin bayan asali, asalin kuma gudu yake yi. Wanda ke karanta ta Hausa sau da yawa ba shi da hanyar komawa ga ta Turanci ya tantance, ya dogara da ku ɗungurungum. Saboda haka ku rubuta a sarari daga wace siga kuka fassara. Ku ajiye fassarar cikin ma'ajiya tare da asalin. Akwai kayan aiki irin su gettext da ke yi wa jimla alama in asalinta ya canza, don mai fassara ya san inda zai koma. Shafi goma da ake bibiya sun fi shafi ɗari da aka fassara sau ɗaya aka yi watsi da su.

Wani lokacin lamarin ya wuce ɓata lokaci, ya kai ga tsaro. A watan Disamba na 2021 aka gano wata babbar ɓaraka a Log4j, ƙaramar manhajar buɗaɗɗen tushe da ke lulluɓe cikin dubban manhajojin Java a duniya. Ɗaya daga cikin matakan gaggawa da aka fara yaɗawa shi ne a kunna wani saiti, amma saitin nan sai daga siga ta 2.10 zuwa sama yake aiki. Wanda ke kan ta ƙasa da haka ya bi shawarar ya kwanta da tunanin ya kulle ƙofa, alhali a buɗe take. Cikin 'yan kwanaki aka fitar da 2.15 da 2.16 da 2.17, shawarar na canzawa tare da su. Waɗanda suka fi saurin tsira su ne waɗanda suka san lambar abin da ke cikin manhajarsu, suka kuma karanta bayanin da ya dace da lambar. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na san abin da wasunku za su ce: Baba, yanzu ai akwai ƙirƙirarriyar basira, sai mu tambaye ta. Ku tambaye ta, kayan aiki ce mai amfani. Amma ku sani daga rubutun mutane na shekaru daban-daban ta koya, tsoho da sabo a cakuɗe, tana kuma iya haɗa muku umarnin wata siga da na wata ta miƙo cikin kyakkyawan lafazi. Ku gaya mata lambar sigarku, sannan ku gwada amsarta da bayanin asali. Game da manhajar da kuka rubuta da hannunku kuwa, ba abin da ta sani sai abin da kuka rubuta. Tana iya taya ku tsara jimla, amma dalilin da ya sa hedimasta ya ce a mayar da makin gwaji arba'in yana wurinku ne kaɗai.

Ga kuma albishir. Gyaran bayani ƙofa ce mai sauƙi ta shiga ayyukan duniya. Ba sai ka zama gwani ba kafin ka lura cewa wani mataki a cikin jagora ya daina aiki a sabuwar siga. Ka rubuta musu cikin ladabi: ga sigar da nake kai, ga abin da takarda ta ce, ga abin da na gani. In ka iya, ka tura gyaran da kanka. Mutumin da ba ka taɓa gani ba zai duba, ya yi maka gyara, ya karɓa, sunanka ya shiga tarihin aikin har abada. Yarinyar da ke karatu a Babura tana da damar da wadda ke Jamus take da ita a wannan fage, domin ba a tambayar daga ina ka fito, aikinka ake dubawa. Masu ɗaukar ma'aikata kuma sun san wanda ya iya bayyana aikinsa a rubuce ya fahimce shi.

Ina kuma roƙon 'yan'uwana malamai masu duba furojet. Ɗalibi yana ba da ƙarfinsa ne inda maki yake. In kundi mai bangon kwali kaɗai muke dubawa, shi kaɗai za a kawata. Mu nemi ma'ajiyar, mu duba tambarin sigar da aka kare a gaban kwamiti, mu sa wani ɗalibin ya tayar da manhajar daga bayanin kawai. Mu bar ɗan aji na baya ya ɗora a kan aikin na gabansa, ya fitar da siga ta biyu, maimakon kowace shekara a sake gina abu ɗaya daga tushe.

'Ya'yana, in kun tashi daga karanta wannan, ku buɗe aikin da ke hannunku. Ku ba shi lamba in ba shi da ita. Ku karanta bayaninsa kuna gwadawa da abin da manhajar ke yi a yau, inda suka saɓa ku daidaita, ku rubuta kwanan wata. Ba zai ci muku yini ba. Wanda zai amfana da shi wataƙila ba za ku taɓa haɗuwa ba, ba zai san sunanku ba balle ya gode muku, amma zai gama aikinsa a kan lokaci, ba zai zalunci kowa bisa kuskure ba, ladan kuma yana rubuce a inda ba ya ɓata. Allah ya sa ilimin da kuke nema ya amfane ku ya amfani al'umma, ya sa ku zama masu riƙon amana a sarari da ɓoye, ya albarkaci iyayenku da malamanku. Amin.